Idan Hoton Waya Ya Ɓaci Bayan Sabuntawa

Ƙanwata tana sayar da atamfa da leshi daga cikin ɗakinta. Ba ta da shago a kasuwa; shagonta sitatus ɗin WhatsApp ne, kuma in ka cire kuɗin sari, babban jarinta kyamarar wayarta ce. Wata Asabar da yamma ta shigo gidana, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo min wayar.

"Yaya, don Allah duba min abin nan. Shekaranjiya da daddare ta ce in sabunta ta, na danna. Tun daga nan duk turmin da na ɗauka sai ya fito da wata kala. Ja ya koma ruwan goro, fuskar yara kuma kamar an bula musu hoda."

Abin da ya fi ƙona mata rai, wata mai saye ta dawo da turmi guda, ta ce ba shi ta gani a hoto ba. Ƙanwar tawa ta riga ta gama shawara: ranar Litinin za ta kai wayar a yi mata filashin, wato a goge tsarinta a sake ɗora mata wani, in hakan bai yi ba ta sayar, ta cika kuɗi ta ɗauki wata. Na ce ta ba ni awa ɗaya tukuna. Abin da muka bi a awar nan, da abin da na tara daga irin wannan kuka a hannun mutane, shi zan shimfiɗa a yau, domin yana damuna yadda ake ɗaukar waya mai lafiya a kai ta a lalata saboda matsalar da za a iya kashewa a zaune.

Mai wannan kukan ba camfi yake yi ba. Kyamarar waya ta sha bamban da ta masu hoton da, wadda haske ke shiga ta gilashi ya zauna a fim, shi ke nan. Gilashin da ke bayan wayarka ɗan mitsitsi ne, farantin da ke karɓar hasken a ciki kuma a yawancin wayoyi bai wuce faɗin farce ba. Abu mai wannan ƙanƙanta ba zai iya fitar da hoto mai kyau shi kaɗai ba. Saboda haka idan ka danna, wayar hotuna da yawa take ɗauka a jere, wani da haske, wani da duhu, ta haɗe su wuri guda. Sannan ta yi ƙoƙarin gane me ke gabanta: fuska ce, sama ce, abinci ne, rubutu ne. Ta goge ɗigo-ɗigon da duhu ke kawowa, ta ƙara wa gefuna kaifi, ta zaɓi kalar da take ganin ta dace. Duk wannan kafin ka ɗaga yatsa. Rabin hoton aikin gilashi ne, rabi kuma lissafi ne. Sabuntawa ba ta iya taɓa gilashi, amma lissafin a hannunta yake.

Akwai shaidar haka a fili. A 2018, masu iPhone XS sun yi ta kuka cewa kyamarar gaba tana shafe musu fuska ta yi sumul fiye da kima. Apple ya gyara da iOS 12.1. A 2020 Galaxy S20 Ultra ta fito da wahalar kama fokos, Samsung ya riƙa rage matsalar da sabuntawa. Wanda ya fi ba ni darasi shi ne na iPhone 14 Pro a watan Satumba na 2022: in an buɗe kyamara a cikin TikTok ko Snapchat ko Instagram, sai hoton ya kama rawa, har ana jin ƙara daga cikin kyamarar. Duk wanda ya ji ƙarar nan zai rantse wani ƙarfe ne ya karye. Ba a kwance ko sukurori ɗaya ba, iOS 16.0.2 ta zo cikin kwanaki ta kashe maganar. Manhaja ce ta ɓata, manhaja ce ta gyara.

Mu masu baƙar fata abin ya fi shafarmu. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a Sin, sun samu kasuwa a Afirka ne har da dalilin cewa an gyara lissafin kyamararsu ya dace da fatarmu. Google ma ya fito da nasa tsarin na Real Tone a Pixel 6 a 2021 saboda wannan dalilin. Ma'ana, kalar fuskarka a hoto shawara ce da wani injiniya ya yanke, kuma yana iya sake ta a sabuntawa ta gaba.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Sau da yawa sabuntawa tana ɗaukar laifin da ba nata ba, don kawai ta zo daidai da lokacin da mutum ya fara lura. Wanda ya sabunta waya yakan zuba mata ido, ya ga abin da ya yi wata guda yana nan bai kula ba. Don haka aikinmu na farko shi ne raba mai laifi da maras laifi, kuma za mu fara da mafi arha.

Goge gilashin. Na san magana ce da kowa ke jin ya wuce ta, amma ita ce ta fi kowace yawan zama dalili. Hannun da ya taɓa man shafawa, tururin girki, zufar aljihu, ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, duk suna barin wani siririn maiƙo da ido ba ya gani sai an karkata wayar a haske. Alamarsa hoto ya yi hazo-hazo, kuma da daddare fitila ta riƙa jan doguwar wutsiyar haske. A samu tsumma mai laushi, irin na goge tabarau, a hura wa gilashin iska a kawar da ƙura tukuna, domin goge ƙura a bushe karce take kawowa. In ka manna wa kyamarar gilashin kariya, ɓamɓare shi ka gwada. Masu arha daga cikinsu suna dusashe hoto, suna rikita fokos, kuma in aka kunna fitilar ɗaukar hoto sai hasken ya dawo ciki ya yi fari fat. Cire rigar wayar ma, ka tabbata bakinta bai hau kan gilashi ba.

Bayan haka, ba wayar lokaci. Idan babbar sabuntawa ta sauka, wayar takan kwana ɗaya ko biyu tana aiki a ɓoye: tana sake tsara manhajoji, tana sake bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. A wannan tsakanin takan yi zafi, batir ya riƙa zuba, kyamara ta yi nauyi. Zafi kuwa abokin gabar hoto ne. Farantin da ya ɗumama yana ƙara ɗigo-ɗigo, wayar kuma tana rage ƙarfin aikinta don ta huce. Kashe ta gaba ɗaya ka kunna, ka bar ta a caji ta kwana, ka duba ko ma'ajiyarta ta cika. Wayar da ba ta da sararin ajiya takan yi jinkirin adana hoto, wani lokaci ma ta ƙi.

Yanzu sai gwajin da na fi ba muhimmanci, domin gani ya kori ji. Shiga cikin tsofaffin hotunanka ka nemo ɗaya da ka ɗauka kafin sabuntawa, wanda za ka iya maimaitawa: ƙofar gida, kujerar falo, wani turmin da bai tafi ba. Je wurin, a irin lokacin, ka tsaya inda ka tsaya, ka sake ɗauka. Kada ka gwada hoton hantsi da na bayan magariba ka ce kyamara ta lalace. Wannan zalunci ne. Sannan ka tura hotunan biyu zuwa wata wayar ko kwamfuta ba tare da an matse su ba, ka duba su a can.

Abu uku ne zai iya fitowa. In a wayarka har tsohon hoton ma ya canza kala, amma a wata wayar duka biyun lafiya lau, to kyamara ba ta da laifi, fuskar wayar ce aka taɓa wa saiti. Sabuntawa takan kunna tsarin kare ido, wanda ke mayar da komai rawaya-rawaya, ko ta sauya kalar sikirin daga mai armashi zuwa mai sanyi. Wannan a saitin fuskar waya ake gyara shi cikin minti ɗaya. In hotunan biyu sun yi kama a ko'ina, to ido ne ya yi zargi, sai a kwantar da hankali. In kuwa sabon ya fi muni a kowace waya aka duba, to lallai wani abu ya canza a kyamara, sai mu shiga ciki.

Kowane hoto yana ɗauke da bayanin kansa. Buɗe shi, ka ja sama ko ka danna alamar bayani, za ka ga girmansa, da gilashin da ya ɗauke shi, da wata lamba da ake kira ISO, da saurin ɗauka. Gwada na tsohon da na sabon. In tsohon yana da faɗin megafiksel 12 sabon kuma 8 ko 50, ka kama bakin zaren: saiti ne ya sauya. In ISO ta haura dubu, haske ne ya yi ƙaranci, shi ya sa hoton ya yi yashi-yashi. In saurin ɗaukar ya sauka zuwa 1/15 ko ƙasa, ɗan motsin hannu ma ya isa ya jirkita shi.

A saitin kyamara ne muka kama ɓarawon ƙanwata, kuma a nan nake so mai karatu ya daɗe. Sabuntawa tana da ɗabi'ar mayar da saiti yadda kamfani yake so, ko ta shigo da sabon abu ta kunna shi ba tare da ta tambaye ka ba. A wayarta mun tarar da biyu a kunne. Na farko mai gyaran fuska, wanda ke shafe ƙuraje, ya haskaka fata, ya rage faɗin haɓa. Shi ne ya bula wa yara hoda. Na biyu mai gane abin da ke gaban kyamara, wanda a wayoyi da yawa ake yi wa alama da haruffan AI. Shi wannan in ya ga kaloli masu yawa sai ya ƙara musu wuta don hoton ya burge. Ga mai ɗaukar faɗuwar rana wannan ado ne. Ga mai sayar da atamfa asara ce, domin mai saye kalar gaskiya take nema. Muka kashe duka biyun, muka sake ɗaukar turmin da aka dawo da shi, ja ya dawo kusa da ja.

Duba kuma ko an bar wata tacewar kala a kunne, domin sau da yawa yaro ne ya yi wasa da wayar ya zaɓi wata. Duba HDR: amfaninsa shi ne daidaita wuri mai haske da mai duhu a hoto ɗaya, amma in lissafinsa ya zarce, fuska takan yi toka-toka kamar zane. Ɗauki abu ɗaya sau biyu, da shi da kuma babu shi, ka zaɓa da idonka. Duba siffar hoton: yawancin farantan kyamara 4:3 ne, don haka in an mayar da kai 16:9 ko cikakken sikirin, yanke maka sama da ƙasa kawai aka yi, ba ƙari aka yi maka ba.

Batun megafiksel yana ruɗar mutane ƙwarai. Wayar da aka rubuta wa 50 a kwali, a al'ada hoton 12.5 take bayarwa, domin tana haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya don su tara haske. Mai 48 tana ba da 12, mai 108 kan haɗe tara ta ba da 12. Wannan ba ha'inci ba ne, dabara ce mai amfani. Mutum yakan ga lambar 50 a cikin kyamara ya kunna yana zaton ya ƙara inganci, sai hoton cikin ɗaki ya fito da duhu da yashi, ga cin wuri. Babbar lambar ta rana ce tsaka, a waje, ga abin da ba ya motsi. A ɗaki, bar ta a ƙaramar.

Akwai wata matsalar da ke kama masu ɗaukar kaya kusa-kusa, irin su zobe, ɗinkin hula, ko takarda. Wayoyi masu gilashi biyu ko uku sukan sauya daga babban gilashi zuwa wani da kansu idan ka matso sosai. Za ka ga hoton ya ɗan yi tsalle, ingancin ya ragu, musamman in haske bai isa ba. Tun daga iPhone 13 Pro a 2021 masu iPhone ke fama da wannan, har Apple ya sa maɓallin kashe shi. In ka ga alamar fure rawaya a gefe, danna ta. A sauran wayoyi ma akwai makamancinsa. Mafi sauƙi, ja baya kamar kamu ɗaya da rabi, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefen. Haka zum: in wayarka ba ta da gilashin nesa na musamman, ja da yatsu biyu faɗaɗa hoto ne kawai, kuma duk faɗaɗawa tana cin kaifi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne layi-layin baƙi da ke ratsa hoto ko bidiyo a ƙarƙashin fitilar lantarki. Wutar Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuma sau 60. Fitilu da yawa suna ƙyaftawa daidai da wannan bugun, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. In sabuntawa ta mayar da saitin hana ƙyaftawa zuwa 60, ko wayar dama daga Amurka aka kawo ta, layukan za su bayyana. A wayoyin Android da ke da wannan zaɓi, mayar da shi 50. A iPhone, cikin saitin bidiyo akwai inda ake kunna tsarin PAL, sai ka zaɓi 25. In da ƙaramin janareta ake haska ɗakin, bugun ba ya tsayawa wuri ɗaya, mafita ita ce a fita haske na Allah.

In ka bi waɗannan ba ka gano ba, mayar da saitin kyamarar gaba ɗaya yadda ya zo. In da Turanci wayarka ke rubutu, nemi inda aka sa "Reset settings" a ƙasan saitin kyamara. A Android kuma ka shiga jerin manhajoji, ka zaɓi kyamara, ka danna "Clear cache", in bai isa ba ka danna "Clear data". Yin haka a kan kyamara ba ya goge hotunanka. Amma ka kula da kyau a kan kyamara kake, domin in ka yi wa WhatsApp haka hirarrakinka za su tafi. A iPhone babu wannan. Abin da ke akwai shi ne "Reset All Settings", wanda ba ya taɓa hoto amma zai mantar da wayar lambobin sirrin Wi-Fi, sai ka tanade su.

Sai tambayar da nake yi wa kowa: da wace kyamara kake ɗauka? Da yawa daga cikinmu daga cikin WhatsApp ko Instagram ko TikTok muke dannawa. Waɗannan manhajoji ba kullum suke samun cikakken lissafin da kyamarar wayar ke yi ba, musamman a Android, kuma idan tsarin waya ya sabunta su ba su sabunta ba, sai a samu saɓani. Sabunta su, sannan ka saba ɗauka da kyamarar wayar ka tura daga baya. WhatsApp kuma yana matse hoto don ya rage cin data. Tun watan Agusta na 2023 ya sa maɓallin HD a saman hoto kafin a tura, danna shi. In kana so hoton ya isa yadda yake ba a taɓa shi ba, tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu. Sitatus kuwa dole ya matse, don haka mai sana'a ta riƙa tura wa mai saye na gaske hoton kai tsaye kafin a yi ciniki. In kuma wanda ka tura wa ya ce hoton ya ƙi buɗuwa a kwamfutarsa, duba ko an mayar da kai tsarin HEIF, wanda iPhone ke amfani da shi tun iOS 11 a 2017 kuma wasu wayoyin Android ma suna da shi. Mayar da shi JPEG, kowa zai buɗe.

Gwaji biyu sun rage kafin a yanke hukunci. A yawancin wayoyin Android, in ka danne maɓallin kashewa, sannan ka danne rubutun kashewar a sikirin, wayar za ta tashi a yanayin da manhajojin da ka sauke duk suke barci. In kyamara ta gyaru a nan, wata manhaja ce ke shiga mata hanci, galibi irin masu ƙawata hoto ko masu alƙawarin tsabtace waya. Na biyu, sauke wata manhajar kyamara, kamar Open Camera wadda kyauta ce a Play Store, ka ɗauki abu ɗaya da ita. In nata ya fito da kaifi na kamfani ya fito a dusashe, gilashi da faranti lafiyarsu ƙalau, lissafin kamfani ne ya karkace. In duka biyun sun ɓaci iri ɗaya, fara zargin kayan ciki.

Lalacewar kayan ciki tana da alamominta. Hoto ya ƙi kama fokos kusa da nesa. Baƙin tabo ya zauna wuri ɗaya a kowane hoto. Raɓa ta kwanta ta cikin gilashi. Hoton ya riƙa karkarwa a kowace manhaja kana jin zizar ƙarfe. Ɗan ƙas-ƙas da ake ji in an girgiza waya kyamara a rufe ba matsala ba ne. Gilashin da ke hana rawar hannu ne, a sake yake zaune. Amma wannan gilashin yana da rauni. A 2021 Apple da kansa ya gargaɗi mutane cewa girgizar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata shi in an ɗaure waya a jikin babur ɗin, ya kuma ce ko a ƙananan babura a yi amfani da mariƙi mai shanye girgiza. 'Yan acaɓa da masu kai saƙo da ke ɗaure waya a kan hannun babur yini guda, wannan maganar taku ce. Wanda kuma ya sayi iPhone ta hannu, ya shiga shafin bayanin waya a saiti. Tun iOS 15.2, daga iPhone 12 zuwa sama, wayar tana nuna ko an taɓa canza kyamara, da kuma ko wadda aka sa ta asali ce. Kyamarar da aka canza takan yi aiki lafiya wata da watanni, sai sabuntawa ta zo ta fallasa ta.

Yanzu filashin. Ina girmama masu gyaran waya, akwai ƙwararru a cikinsu da suka fi ni sanin cikin waya nesa ba kusa ba. Amma mayar da waya tsohon tsari ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Apple yakan rufe ƙofar tsohon iOS jim kaɗan bayan sabo ya fito, daga nan babu komawa. Wayoyin Android da yawa suna da kariyar da ke hana saukar da tsari zuwa na baya, kuma in aka tilasta, wayar na iya mutuwa ta ƙi tashi. In an ɗora fayil ɗin da ba na ainihin samfurin wayar ba, ana iya rasa sabis ko kyamarar ɗungurungum. In an buɗe makullin tsarin, wasu manhajojin banki sukan ƙi aiki, garanti kuma ya tashi. Ga shi duk abin da ke cikin wayar zai goge. Duk wannan don ja ya koma ruwan goro? In wayar tana cikin garanti, ɗauki rasit ka je ofishin kamfanin. Masu Tecno da Infinix da itel suna da Carlcare, sauran ma suna da nasu. Ko mayar da waya sabuwa fil da kanka, wanda ya fi filashin sauƙin haɗari, kada ka yi shi sai ka kwashe hotuna da lambobi da hirarraki ka adana, kuma ka tabbata kana tuna imel da lambar sirrin da aka buɗe wayar da su, in ba haka ba za ta kulle ka a waje.

To in an tabbatar laifin sabuntawar ne fa? Kai ƙara. Masu Samsung suna da Samsung Members, inda ake aika rahoton matsala. Apple yana da shafin karɓar ƙorafi. Yawancin sauran suna da wurin aika ra'ayi a cikin saiti. Haɗa hotunan nan biyu na gwaji, ka rubuta samfurin waya da lambar tsarin. Mu nan mun saba mu yi ƙorafi a majalisa mu yi shiru a inda za a ji, alhali kamfani yawan rahoto yake kallo kafin ya motsa, kuma in masu irin fatarmu da irin haskenmu ba su yi magana ba, da hotunan wasu za a gyara lissafin. Sannan ka riƙa duba sabuntawa ta gaba, domin ta nan gyaran zai zo. Wanda ya yi fushi ya rufe sabuntawa gaba ɗaya ya rufe wa kansa maganin, ya kuma bar wayar da yake ajiye kuɗi a ciki babu kariyar tsaro. Abin da nake yi ni, ƙananan sabuntawar tsaro ina karɓarsu da sun zo. Babba mai canza lambar tsari kuwa nakan ba ta mako ɗaya ko biyu in ji abin da masu irin wayata suka gani, kuma kafin in danna nakan ɗauki hoto uku in ajiye: fuska, rubutu, da ɗaki da daddare.

Kafin gyara ya iso akwai dabarun rage zafi. Taɓa abin da kake ɗauka a sikirin don kyamara ta san shi kake nufi. In ka danne yatsa na ɗan lokaci za ta kulle fokos da haske, sai ka ja alamar rana sama ko ƙasa. In wayarka tana da yanayin Pro, a nan lissafin kamfani yake raguwa, kuma kana iya saita farin hoto da hannunka inda aka rubuta WB har kalar ta dace da abin da idonka ke gani. Masu wasu wayoyin Samsung suna iya sauke Camera Assistant daga Galaxy Store, ta ba su damar kashe HDR mai kunna kansa da rage kaifin da ya wuce kima.

Ƙanwata ba ta je kasuwa ranar Litinin ba. Ko bayan mun kashe abubuwan nan biyu, jan nata ya ɗan fi na da haske, don haka muka sauya yadda take aiki. Ta daina ɗaukar kaya da daddare a ƙarƙashin ƙwan ɗaki. Yanzu da hantsi take shimfiɗa turmi a inuwar baranda, inda haske ya wadata amma rana ba ta dukan zanen, ta ajiye farar takarda a gefensa. In takardar ta fito fara a hoto, ta san kalar atamfar ma gaskiya ce. In ta fito rawaya ko shuɗiya, sai ta gyara ta sake. Wadda ta dawo da turmin nan, da aka tura mata sabon hoton wani leshi a matsayin fayil, ta aiko a ajiye mata yadi biyar.